Kayan da Aka Ɗora wa Raƙuma

Talata: Rano zuwa Kibiya

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, muka tashi daga ƙofar gidanmu a Rano. Yau shekara uku ke nan, 'yan makonni bayan bikin samun mulkin kai, dawa ta fitar da kai amma ba a fara yanka ba. Ni ba ni da agogo. Duk ƙarfen da zan faɗa a nan daga bakin Malam Isa na ji shi, malamin hujin shanu, mutumin da ko tari zai yi sai ya duba hannunsa. Shi ya ɗauki motarmu haya ta kwana huɗu, zai zaga rugage yana yi wa shanu allura, a kafa tanti duk inda rana ta faɗi.

Mu biyar ne. Maigidana yana tuƙi, Malam Isa a tsakiya, Gwaggo Asabe a bakin ƙofar hagu. Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta rene shi, don haka ita ce surukata. A cinyarta akwai yaron, watansa bakwai. Ni kuwa ina baya, zaune a kan naɗaɗɗen tanti, gwiwata na gugar akwatin magani. An tafi da ni don girki, kuma don a ƙarshen zagaye a biya Rurum Tsohon Gari, garinmu, Baba ya taɓa jikansa. Idonsa ya tafi, ba ya iya zuwa Rano.

Yaron ɗan fari ne, kun kuwa san yadda ake yi. Ba na kama sunansa. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na yi masa wasa, in ya yi kuka a gaban Gwaggo sai in ci gaba da tsintar shinkafata kamar ɗan maƙwabta ne. In yunwa ce, ita za ta miƙo shi ta ce, "Karɓi angona, yau ya ƙi ni," in juya baya in ba shi nono, in mayar. Haka uwata ta yi, haka kowa ke yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan tafiya.

Sai na faɗi yadda motar take, in ba haka ba ba za ku gane tsorona ba. Ta wani Baturen safiyo ce, mai awon ƙasa, da maigidana ya yi wa tuƙi shekara shida. Da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da ita, don ta fi shekara goma tana shiga daji. Irin gajerun nan ce masu rufin tamfol, da wani ƙaramin sanda kusa da giya wanda in aka danna shi ƙafafu huɗu duka su ja. Bature daga shi sai kukunsa da akwati biyu yake hawanta. Maigidana ya ce shi ba zai ci abinci da mota mai ɗaukar akwati biyu ba. Damina guda ya yi yana gyaranta a ƙofar gida, ni kuma ina leƙe ta kafar zana.

Da sifirin ya fara, ƙarafan nan masu lanƙwasa da aka jera ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota. Ya je Kano ya samo na wata matacciyar babbar mota, aka yanke daidai, ya ƙara bibbiyu a kowace ƙafa. Motar ta tashi sama kusan taƙi ɗaya. Ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaure garwar fetur biyu a gaba, shebur da gatari a gefe. Sannan babban aikin. Ya sayi tsohon gadon ƙarfe, maƙerin unguwarmu ya yanka bututun ruwa huɗu ya yi masa dogayen ƙafafu, aka huda jikin motar aka ɗaure su da noti, gadon ya tsaya a saman tamfol don ɗaukar kaya. Ranar da aka gama, ta kasa wucewa ta ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida sai da aka sare reshe. A ranar 'yan unguwa suka sa mata suna Raƙuma.

Kayan zango kaɗai ba su taka kara sun karya ba: tanti biyu, gadajen naɗewa, tukwane, shinkafa, igiyoyin kama shanu, da duron ruwa. Duron sama aka hau da shi, aka yi ta miƙa ruwa da bokiti ana zubawa, don ciki an bar wa magani da ni. Amma tun la'asar ɗin Litinin saƙo ya fara zuwa. Mai saƙo ba ya tambaya ko akwai wuri. Ajiyewa yake yi ya ce a gai da wane. Buhun gishiri zuwa Kibiya. Kwanon rufi shida zuwa Rurum. Dutsen niƙa da ɗansa na wata amarya. Kan keken ɗinki. Maigidana bai iya ce wa kowa a'a ba, duk dangi ne ko maƙwabta, kuma in faɗi gaskiya daɗi yake ji. Duk wanda ya kawo sai ya nuna masa gindin motar ya ce ya duba, ko motsi ba ta yi ba.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Baba mai jakai ne, ya daɗe yana fataucin kanwa, kuma da yake ba shi da ɗa namiji ni nake riƙe masa mangala yana ɗaurewa. Jaki in kaya sun yi masa yawa bayansa na lotsawa, ka gani ka rage. Motar nan da can haka take, in ta ji nauyi gindinta ya zauna. Yanzu an ƙara mata ƙarfe, an hana ta nunawa. Kuma duk mai nauyin yana can sama, inda Baba ba ya yarda a ɗora ko tabarma biyu.

Daga Rano zuwa Kibiya mil goma sha ɗaya ne a agogon motar. Ruwan damina ya cinye hanya. A miƙaƙƙen wuri lafiya lau. Amma duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, sai in ji saman motar ya tafi gefe, ya dakata, sannan ruwan duro ya biyo baya ya bugi ƙarfe, ta ƙara tafiya kaɗan kafin ta dawo. Wannan ƙarin na biyu shi nake jira a kowane rami. Na gaba ba sa jinsa, ƙarar inji ta rufe. Ta tsakanin kafaɗar Malam Isa da ta Gwaggo tafin ƙafar yaron kawai nake hangowa, da ƙofar hagu da aka ɗaure da igiya don mariƙinta ya lalace.

Ƙarfe bakwai da minti goma muka isa Kibiya. A bakin gari wani ɗan doka ya ɗaga kulki. Ya zaga motar sau biyu yana ɗaga kai har hularsa na neman faɗuwa. Na ce a raina Allah ya kawo mai hana mu. Ya karɓi takardun mota da ta Malam Isa, ya jujjuya, ya mayar.

"Direba," in ji shi, "wannan gida ka ɗauko ko kasuwa?"

Aka yi dariya. Sai ya tambaya ko za mu bi ta Rurum. Da ya ji e, ya sa aka fito da gero buhu biyu na uwar matarsa. Muka sauke gishiri buhu ɗaya, muka ɗora gero biyu. Gwaggo ta sayi ƙosai na kwabo uku da koko, ta miƙo mini ƙosaina, na ƙulle a bakin zane ban ci ba.

Rugar farko tana mil huɗu gabas da Kibiya, ta burtali. Ƙarfe tara aka kafa tanti a gindin wata ɗorawa. Malam Isa ya karɓi ƙaramar tukunyata ya dafa allurai, Fulani suna kayar da shanu ɗaya bayan ɗaya, ni ina girki. Matar Ardo ta kawo mana kindirmo ta zauna. Ta daɗe tana kallona, yaron yana ta kuka a hannun Gwaggo ni ina tuƙa tuwo ban ɗaga kai ba. Sai ta ce da Gwaggo, da Hausarta mai gargada, ta yi sa'ar suruka, kunyarta kamar ta 'yar ruga. Gwaggo ta gyara zama ta ce ai ita ta zaɓo ta da kanta.

Da la'asar na sami maigidana shi kaɗai yana duba man inji. Na durƙusa na ce da an sauko da duron nan ciki, ni in zauna a kansa.

"Ladi, mota ba jaki ba ce," ya ce, yana dariya. Ya ce da wannan motar suka hau dutse shi da Bature, ba ta taɓa kwanciya ba.

Na ce, "Malam, Bature bai ɗora mata gado ba."

Ya daina dariya. Ya ce in je in duba miyata. Abin da ke bakina, wato yaron da ke cinyar Gwaggo a bakin ƙofar hagu, ko a gabansa ban iya faɗa ba.

Laraba: zuwa Zinyau

Ƙarfe takwas saura kwata muka naɗe tanti. Ardo ya ba Malam Isa rago, aka ɗaure shi a baya kusa da ni. Ya kuma ba da ɗaurin fatu a kai wa wani a Rano, aka jefa sama. Mil goma sha bakwai muka yi ranar, babu titi, daga burtali sai hanyar gona, dawa tana marin tamfol ta ko'ina. Mun sha rabin ruwan duro, na yi zaton sauƙi ne. Ashe rabi ya fi muni, don ruwan ya sami filin gudu.

Wajen ƙarfe goma muka hau wani shimfiɗaɗɗen dutse mai karkata. Motar ta kwanta hagu a hankali, rago ya zamo ya danne ni, tukwane suka biyo shi. Na ji Gwaggo ta yi salati, sannan ta ce da yaron, "Ango, rawa ake mana." Malam Isa ya duba agogo, bai faɗi ƙarfe nawa ba.

Bayan mun sauko na ga wani jan gari a farin mayafin Gwaggo, a kafaɗa. Na bi shi da ido zuwa sama. Daga gindin ƙafar gadon yake zubowa, ta gaba ta hagu, dab da kanta. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Da aka tsaya sallar azahar na kakkaɓe mata mayafi a gaban maigidana, na ɗaga kai na kalli wurin, ya bi idona. Ya ɗauko sifana. Da ya kwance notin na ga ramin da maƙeri ya huda kewayayye ya zama dogo kamar ƙwai. Ya yanko guntun robar taya ya cusa, ya ɗaure da ƙarfinsa, ya ce shi ke nan. Bai kalle ni ba.

Ranar na yi dabaru da yanzu nake jin kunyarsu. Na ce nono ya cika mini, yana ciwo. Gwaggo ta miƙo yaron. Na riƙe shi a tsakiyar motar, a ƙasa, tsakanin ƙafafuna, na ƙi cire shi ko da ya yi barci. Ba a jima ba ta waiwayo ta ce yaro ba tulu ba ne, in kawo. Da na sake gwadawa bayan mil uku, ta yi ƙasa da murya don kada Malam Isa ya ji, ta ce in na saba masa da jikina me mutane za su ce, ita ce ba ta iya riƙo ba ko ni ce ba a koya wa ba. Na miƙa mata shi.

Ƙarfe biyu muka isa Zinyau, muka sauka bayan gari kusa da wata rijiya. Mai gari ya aiko da tuwon dawa da miyar kuka, Malam Isa ya sayi kaza sule ɗaya da sisi. Kafin magariba hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan da mutanen garin suka ce na sallama ne. Gero ya jiƙe, fatu suka jiƙe, tanti ɗaya da ba a kafa ba ya sha ruwa har mutum biyu suka kasa ɗaga shi. Da ruwan ya ɗauke, maigidana ya sake cika duro a rijiyar.

Alhamis: mashigin Rurum

Da sassafe aka yi wa shanun rugar Zinyau allura, ƙarfe tara muka tashi. Mil tara ne zuwa Rurum Tsohon Gari, kuma tun daga mil na farko wuri ɗaya nake tunani. Kafin a shiga garinmu akwai rafi. A nan na yi wanki tun ban isa ɗaukar tulu ba. Gaɓarsa tsaye take, don haka hanya ba ta sauka kai tsaye. Tana bin jikin gaɓa ne a karkace, yadda jakai suka tsaga ta, tudu a dama, ruwa a hagu. A wurin nan na taɓa ganin jakin Baba ya kwanta da kanwa, shi ma ba don nauyi ba, don wani ya ɗora masa ƙullin tabarmi a sama.

Ƙarfe goma da rabi muka iso. Ruwan jiya ya kawo rafin gwiwa, ya kuma ci gefen hanyar ta hagu. Mashigin cike da mutane, mata na wanki, maza sun ajiye fartanya suna kallon Raƙuma. Na ji wata ta ce ga Ladi 'yar Mai-jakai a mota. Duk na san su, duk sun san ni.

Maigidana ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da sanda yana caka. Ya dawo ya ce ƙasan yashi ne mai tauri, ba komai. Ruwan ya duba. Gangaren bai duba ba. Ya zauna ya danna ƙaramin sandan nan.

Na matsa na ce, "Gwaggo, ko za ki sauka ki miƙe ƙafa?"

Ta ce gwiwarta ba ta shiri da yashi.

Na ce ko yaron ya sha nono kafin mu shiga gari.

Ta ce barci yake, in bar mata ango ya huta.

Inji ya tashi. Ban san lokacin da na tsallake ragon ba. Na dira ta baya, zanena ya kama ƙarfe ya yage, na zaga da gudu ta hagu. An naɗe tamfol ɗin gefen, na zura hannu biyu ta saman ƙofa na kama yaron ta hammata. Gwaggo ta riƙe, don ba ta gane abin da ke faruwa ba. Na ja. Ya farka da kuka.

"Gwaggo, sakar mini ɗana."

Da ƙarfi na faɗa, har na ji muryata ta dawo mini daga ɗaya gaɓar. Ta sake shi. Na ce ba za a gangara da shi a cikin wannan ba. Na sa shi a baya na ɗaure da mayafina a gaban kowa.

Masu wanki suka tsaya. Wata ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Wani dattijo, abokin Baba, ya juya yana kallon gonar wani. Gwaggo ta sa Malam Isa ya kwance igiyar ƙofa, ta sauko da gwiwar tata, ta tako har inda nake tsaye a bayan motar. Ba ta ɗaga murya ba.

"A gaban garinku," ta ce. "Ni kika zaɓa ki yi wa haka a gaban garinku."

Malam Isa ma ya sauko. Ya zaga ya ciro akwatin maganinsa ya ɗora a ka, ya ce magani ba ya son girgiza, ya shiga ruwa. Maigidana ya kalle ni ta kan kafaɗa, fuskarsa ban taɓa ganinta haka ba. Ya ce to, mu tsaya mu gani.

Sai da motar ta motsa na gane abin da na yi. Mutum uku na sauke, da akwati. Mu ne nauyin ƙasa. Na bar shi shi kaɗai da rago, da duro da dutsen niƙa da jiƙaƙƙen gero a bisa kansa.

Mazan duk sun shiga ruwa ko sun haye, suna gaba suna nuna masa hanya da hannu. A baya daga ni sai Gwaggo. Raƙuma ta fara gangarawa a hankali. Ta karkata hagu kamar kullum. Ta dakata. Na ji ruwan duro ya taho ya buga. Tayar baya ta dama ta bar ƙasa. Na ga haske a ƙarƙashinta, taƙi ɗaya, sannan fiye, tana juyawa a iska tana zubar da laka. Gadon ya yi wata doguwar ƙara. Ragon ya zame ya rataye a igiyarsa. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Na dai san yaron ya numfasa a bayana sau uku. Sai tayar gaba ta taɓa yashin ƙasa, maigidana ya murɗa sitiyari hagu, ta dawo ta dira da ƙarfi har kwanon rufi ya yi tsawa.

Ta ratsa ruwan kamar ba komai, ta hau ɗaya gaɓar. Mutane suka yi ta tafi. Maigidana ya leƙo ya ce, "Kun gani?"

A lokacin na ji zafi a wuyan hannuna. Gwaggo ce ta riƙe, farcenta ya shiga. Ta saki, ta kalli hannunta, ta gyara mayafi. Ba ta nemi yaron ba. Muka tattare zane muka shiga ruwan, tana dafe da kafaɗata saboda gwiwa. Da muka haye wata ta miƙa wa maigidana ruwa a ƙwarya. Na ga ruwan yana zuba a rigarsa kafin ya kai baki.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin muka tsaya a ƙofar gidanmu. Labari ya riga mu. Baba yana zaure a kan buzunsa. Gwaggo ce ta kwance yaron daga bayana ta ɗora masa a cinya. Ya shafa kansa, ya shafa kunnuwa, ya ce wannan abokin nasa da kunnen gidansu ya zo, a ba shi jaki ya kama sana'a. Bayan an gaisa an watse, na shiga na durƙusa a gaban Baba.

"An ce kin yi rashin kunya a mashigi."

Na sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Wane gefe ta kwanta?"

Na ce hagu. Ya ce a kama hannunsa a kai shi wurin motar. Ya lalubi taya, ya lalubi sifirin, ya ce wannan aiki ne mai kyau, wanda ya yi shi ya san ƙarfe. Sannan ya kama ƙafar gadon da hannu ɗaya ya tura. Tsoho ne da ba ya iya ɗaga tulu, amma motar duka ta yi lilo. Ya tambayi maigidana, cikin ladabi kamar yana neman ilimi, me ke can sama. Maigidana yana tsugune, kansa ƙasa, ya lissafa. Ba mai musu da surukinsa a ƙofar gidansa. Baba ya sa aka sauke komai. Masu saƙo suka zo suka kwashe gero da kwano da dutsen niƙa da kan keke. Duro ya ce a zubar da ruwan a sa shi ciki, a tsakiya, a tokare da itace, sannan a cika. Sama aka bar wa tanti da gadaje da fatu kawai. Da la'asar Malam Isa ya yi aikin rugar Rurum, maza suka kwana a tanti bayan gari, mu mata a cikin gida.

Juma'a: Rurum zuwa Rano

Ƙarfe takwas muka yi sallama. Gwaggo ta ce kujerar gaba ce ke tayar mata da ciwon gwiwa, ta hau baya ta zauna kusa da ni, jingine da duro, yaron a cinyarta. A mashigi ita ta ce kowa ya sauka ya taka. Motar ta ratsa ta hau gangaren nan ƙafafunta huɗu a ƙasa. Na ƙirga su. Mil goma sha biyu ne zuwa Rano, kuma duk tsawonsu Gwaggo ba ta ce mini uffan ba. Maigidana ma haka. Sai Malam Isa da ke faɗa wa iska ƙarfe nawa.

Ƙarfe goma sha biyu saura minti goma muka iso ƙofar gida, maza suka yi shirin masallaci. Matan unguwa suka cika tsakar gida da sannu da zuwa. Ina ɗaki ina kwance ƙullin kaya na ji muryar maƙwabciyarmu. Wani mai keke daga Rurum ya kwana a gidansu. Tana dariya ta ce da Gwaggo wai gaskiya ne Ladi ta fizge ɗan fari a bainar jama'a, har da kiransa ɗanta. Na zauna a bakin gado, na san daga yau sunan da za a sa mini ke nan har in tsufa.

"Ni na miƙa mata shi," in ji Gwaggo. "Hannuna ne ya gaji. Mai keken naki in ya ga wani abu ban da wannan, ya zo ya faɗa a gabana."

Ba wanda ya zo.

To, mun dawo lafiya, mu biyar da rago, godiya ta tabbata ga Allah da ya riƙe abin da ƙarfe ya saki. Na gode wa matar Ardo da kindirmonta, da mai garin Zinyau, da mutanen Rurum da suka shiga ruwa suna nuna hanya, da Baba. Gwaggo kaɗai ce ban taɓa yi wa godiya ba, don in na gode mata na ƙaryata ta ke nan. Shekara uku muna gida ɗaya, ba ta ɗauko zancen ba, ban ɗauko ba. Da daminar nan ta rasu. Shi ya sa yanzu na iya rubutawa. Wanda ya karanta, ya yi mata addu'a.